Tsaftace murhun felet da kula da shi: amsa ga mai haya a arewacin Italiya

Tambaya: Ina zaune da iyalina a gidan haya kusa da Brescia, a yankin Lombardiya, kuma da murhun felet, wato mai cin ƙananan ƙwayoyin garin katako da aka matse, muke ɗumama gidan. Wannan ne hunturunmu na biyu da shi. Bara bai ba mu matsala ba, amma bana gilashin ƙofarsa yana yin baƙi cikin yini guda, felet yana taruwa a kasko bai ƙone ba, wani lokaci kuma sai ya yi ƙara ya mutu da kansa. Mai gidan cewa kawai ya yi in riƙa zuba felet ina kwashe toka. Me ya kamata in yi da hannuna, kuma mene ne ya fi ƙarfina?

Amsa: Malam, alamomi ukun nan da ka lissafa tushensu ɗaya ne: murhunka ba ya samun iskar da yake buƙata. Baƙin gilashi, da taruwar felet a kasko, da mutuwar wuta, duk daga nan suke tasowa, kuma a mafi yawan gidajen da ake kiran mai gyara saboda irin wannan ƙorafi, sai a tarar babu ƙarfen da ya lalace, tokar shekara guda ce kawai ta toshe hanyoyin da ido ba ya gani. Shawarar da mai gidanka ya ba ka tana da gaskiya daidai gwargwado, sai dai ta tsaya a kan aikin kullum, ta bar na mako da na wata da na shekara, alhali a can ne lafiyar murhun da lafiyar iyalinka suka rataya.

Yana da kyau ka fara sanin yadda murhun yake aiki, domin wanda ya fahimci hanyar da iska ke bi a cikinsa zai gane da kansa inda ya kamata ya share. Felet yana zaune a rumbu, a baya ko a saman murhun. A gindin rumbun akwai wani murɗaɗɗen ƙarfe da ƙaramin inji ke juyawa lokaci zuwa lokaci, yana ɗauko ƙwayoyi kaɗan yana sakinsu cikin kasko. Kaskon na ƙarfe ne, gindinsa da gefensa duk ƙananan ramuka ne, a bayansa kuma akwai ƙyastun lantarki, siririn ƙarfe ko tangaran da ke yin zafi ƙwarai, wanda iskar da ta bi ta kansa ke kunna felet a farkon tashi. Sai fanka biyu. Ɗaya tana hura ɗumi cikin ɗaki. Ta biyun tana can ƙarshen hanyar hayaƙi, tana zuƙo shi daga ɗakin wuta tana tura shi cikin bututu, kuma zuƙar nan da take yi ita ce ke jawo sabuwar iska ta shigo ta ramukan kasko ta ratsa felet ɗin da ke ci. Matsayinta a murhun shi ne matsayin zugazugi a maƙera. Saboda haka hanya ɗaya ce tak tun daga bakin shigar iska har zuwa kan bututun da ke saman rufi, kuma duk inda aka samu toshewa a kan hanyar nan, ko aka samu kafar da iska ke kurɗawa ta gefe, kasko ne ke rasa rabonsa. Shi kuwa murɗaɗɗen ƙarfen bai san abin da ake ciki ba, yana ci gaba da zubo felet daidai adadin da aka tsara masa. Sai felet ya fi iska yawa, ya taru, wutar ta yi sanyi ta cika da hayaƙi, gilashi ya yi baƙi, har ta kai na'urar da ke auna ƙarfin zuƙa ko wadda ke auna zafin hayaƙi ta ga abin ya wuce iyaka ta katse aikin. Ƙarar da kake ji kafin ya mutu alama ce cewa kariyar murhun tana aiki, kuma ina roƙonka kada ka yarda wani ya haɗe wayoyinta don ya daina damunka.

Akwai doka guda da nake so ka sanar da kowa a gidan tun yau, har da yaran da suka isa danna maɓalli. Duk lokacin da murhun ya gaza kamawa, ko ya mutu ya bar felet a kasko, ba a sake kunna shi sai an zazzage kaskon tas. Dalili shi ne, tarin felet da ke kan ƙyastu mai zafi ba ya kamawa nan take. Yana fara fitar da farin hayaƙi mai kauri wanda ke cika ɗakin wuta, hayaƙin nan kuwa iska ce mai kamawa, kuma idan harshen wuta ya bayyana a ƙarshe, gaba ɗaya yake tashi da ƙarfin da zai iya fasa gilashi ko ya ɓalle haɗin bututu. Abin da ka zazzage daga kaskon kuma bokitin ƙarfe zai tafi, ko da ka gan shi kamar sabo, domin ƙwaya ɗaya mai ci a ɓoye ta isa ta kunna rumbu idan ka mayar da ita ciki. Haka nan ba a zuba felet da hannu cikin kasko don a taimaka masa, ba a kuma kusantar da kalanzir ko fetur ko leda, kamar yadda wasunmu suka saba wajen hura murhun itace a gida. Wannan akwati ne rufaffe mai gilashi, abin da ke wucewa lafiya a filin tsakar gida a nan yana iya raunata mutum.

Kafin ka taɓa komai, kashe murhun ta maɓallinsa ka bar shi ya kammala da kansa. Za ka ji fanka ta ci gaba da juyawa na tsawon mintoci bayan felet ya daina sauka, tana ƙone saura tana fitar da hayaƙi tana huce ƙarfe. Wanda ya zare fulogi a wannan lokaci ya tsayar da fankar alhali wuta na ci, hayaƙin kuma ɗaki zai nufa. Sai ya tsaya cik, ya huce har ka iya ɗora hannu a gilashi da kasko, sannan ka zare fulogin idan aikin zai kai ka kusa da fanka ko murɗaɗɗen ƙarfe. Kayan aikin ba su da yawa: injin zuƙar toka mai gangar ƙarfe, da ƙaramin buroshi irin na fenti, da abin kankara, da ƙusa ko siririyar sukudireba, da tocila, da safar hannu, da takunkumi, da bokitin ƙarfe mai murfi. Injin sharar ɗaki na yau da kullum bai dace ba, domin tokar felet ta fi matatarsa laushi, tana wucewa ta kashe injin ta kuma bazu a ɗaki, garwashi ɗaya kuma yana kunna jakar da ke cikinsa.

Kasko shi ne aikin kowace rana, kuma a nan ne mutane suka fi yin rabin aiki. Juye tokar da ke ciki bai wadatar ba. Ka ciro shi gaba ɗaya, ka kankare abin da ya manne a gindinsa da gefensa, sannan ka ɗaga shi wajen haske ka duba ramukan ɗaya bayan ɗaya, duk wanda haske ba ya ratsawa sosai ka bi shi da ƙusa. Ramin da ya tsuke da rabi yana nan a buɗe a ido, amma iskar da ke bi ta cikinsa ta ragu ƙwarai, kuma idan ramuka da yawa suka yi haka, wutar ta riga ta shaƙe. Za ka riƙa tarar da wani abu mai tauri, ruwan toka ko ruwan ƙasa, mai kama da kashin maƙera, ya shimfiɗe a gindin kaskon. Toka ce da ta narke ta daskare, kuma yawanta yana nuna cewa felet ɗin yana da ƙasa ko ɓawon itace a ciki, ko kuma toka tana kwana a kasko tana sake shan wuta. Ka kula musamman da babban ramin da ke fuskantar ƙyastu, domin toshewarsa ita ce kan gaba cikin dalilan da ke hana murhu kamawa. Bayan haka ka zuƙe tokar da ke cikin gurbin da kaskon ke zama, har bakin bututun ƙyastu, ba tare da ka cusa ƙarfe ciki ba, tunda ƙyastun tangaran yana karyewa da ɗan bugu kaɗan. Idan ka zo mayar da kaskon, ka tabbata ya zauna daram, raminsa ya yi saiti da ƙyastu. Ƙwayar toka mai tauri ɗaya a ƙarƙashin bakinsa tana ɗaga shi kaɗan, iska kuma sai ta zagaye ta gefe maimakon ta ratsa felet. Idan ka ga gindin kaskon ya lanƙwashe ko ya tsage ko ramukan sun haɗe sun zama manya, sabo za a saya, kuma na irin murhun, ba mai kama da shi ba.

Toka kuwa kada ka taɓa ɗaukarta a matsayin matacciya. Garwashi yana iya kwana a cikinta, har ya wuce kwana guda, kuma ko injin zuƙar toka ma don toka mai sanyi aka yi shi. Ka zuba ta a bokitin ƙarfe, ka rufe, ka ajiye a waje kan siminti nesa da katako da kwali, ka bar ta kwanaki kafin ka zubar bisa tsarin sharar ƙaramar hukumarku. Ba a ajiye bokitin a cikin ɗaki ko a ƙarƙashin bene.

Gilashin ana goge shi ne yana sanyi. Ka jiƙa takarda ko tsumma, ka dangwali lallausar toka daga cikin murhun, ka goge, sannan ka bi da busasshe. Soson ƙarfe da reza suna karce shi, kuma gilashin da ya karce ya fi saurin kama baƙi. Idan za ka yi amfani da ruwan wanke gilashin murhu da ake sayarwa, a tsumma za ka fesa, don kada ya gangara ya jiƙa igiyar da ta zagaye bakin ƙofa don hana iska shiga, ya cinye ta. Amma ka riƙa duba launin abin da ke kai kafin ka goge, domin yana ba da labari. Hazo fari ko ruwan toka bayan kwana biyu ko uku ba laifi ba ne. Baƙi ƙirin cikin sa'o'i ƙarancin iska ne. Ruwan ƙasa mai danƙo kuma yana nuna felet mai laima, ko murhun da ake bari yini guda a mataki mafi ƙanƙanta don tattali. Wannan tattalin ina ganinsa da yawa a gidajen masu haya, kuma na fahimci dalilinsa, amma wuta mai sanyi tana shafe hanyoyin hayaƙi da kunkunniya. Ka riƙa ɗaga shi zuwa mataki mai ƙarfi kamar rabin awa a kowace rana. Harshen wutar ma haka yake: mai lafiya yana da haske, rawaya mai ɗaukar ido, yana motsi da kuzari. Idan ya yi tsawo, ya yi ja-ja, yana lilo a hankali da baƙi a bakinsa, iska ta yi kaɗan. Idan kuma ya gajarce yana huci har yana watso ƙwayoyi waje, iskar ta yi yawa.

Sau ɗaya a mako, ko sau biyu a tsakiyar Janairu da murhun ba ya hutawa, ka share ɗakin wutar gaba ɗaya. Ka fara daga sama, ka cire farantin da ke tare harshen wuta idan irin wanda ake cirewa ne, domin toka tana taruwa a bayansa daidai inda hayaƙi ke juyawa. Ka bi bango da buroshi a hankali. A murhu da yawa bangon na wani farin abu ne mara nauyi mai hana zafi fita, wanda ke ɓarewa idan aka kankare shi da ƙarfe. Idan murhunka yana da sandunan da ake ja a saki don kakkaɓe bututun musayar zafi, ka ja su sau da yawa yana sanyi. Tokar da ta lulluɓe waɗannan bututu tana hana zafi shiga ɗaki, sai ya bi hayaƙi ya fita, kai kuma ka ga buhu yana ƙarewa ɗaki bai yi ɗumi ba. Ka juye aljihun toka, ka zuƙe gurbinsa, ka tabbata ya rufu ruf.

Rumbu ma yana son shara, duk da cewa ba toka a cikinsa. Kowane buhu yana da gari a gindinsa, garin nan kuma yana sauka ya taru a bakin murɗaɗɗen ƙarfe, ya rage abin da yake ɗauka, idan kuma ya sha laima ya daskare ya tsayar da shi. Duk bayan mako biyu ko uku ka bar felet ya kusa ƙarewa, ka kashe, ka zare fulogi, ka zuƙe garin. Ka riƙa tankaɗe ƙarshen buhu maimakon ka zazzage shi ciki, ka kuma kula kada guntun leda ko ƙusa su faɗa. Ragar da ke cikin rumbun don kare yatsu aka sa ta, ba a cire ta.

Yanzu ga wurin da nake kyautata zaton matsalarka take. Ka leƙa bayan murhun, inda bututun hayaƙi ke fitowa, yawanci mai faɗin milimita 80. Inda ya juya ya miƙe sama za ka ga haɗi mai baki uku, da murfi a ƙasansa. An yi murfin ne don tokar da hayaƙi ya ɗauko ta faɗa ciki, kuma idan ba a taɓa buɗe shi ba tun bara, ba mamaki toka ta cika shi ta hau ta cinye rabin bakin bututun. Murhu yana sanyi, fulogi a zare, ka shimfiɗa jarida, ka tara bokiti, ka cire murfin a hankali, ka zuƙe abin da ke ciki har da guntun bututun da ke kwance zuwa jikin murhun, domin a kwance toka ta fi zama. Wannan aiki ne na kowane wata a lokacin sanyi. Amma ka kiyaye wani bambanci da mutane da yawa ba su sani ba. A cikin murhun, kafin fanka, iska zuƙarta ake yi, don haka kafa a can tana shigo da iska ne. Bayan fanka kuwa, tura hayaƙin ake yi, don haka duk kafar da ke jikin bututun tana fitar da hayaƙi ne cikin ɗakin da 'ya'yanka ke zaune. Saboda haka murfin nan sai ya koma daidai da robarsa, idan robar ta bushe ko ta tsage a sake ta kafin a kunna. Baƙin zane a jikin bango ko a bakin wani haɗi shaida ce cewa hayaƙi yana fita daga nan. Murhu da yawa kuma suna da wani ɗan murfi a ƙasa, bayan aljihun toka ko a gefe, wanda ke buɗe ɗakin da hayaƙi ke ratsawa kafin ya isa fanka. Littafin murhun zai nuna maka inda yake da ko mai amfani ne ke buɗe shi. Idan mai gida bai ba ka littafin ba, ka duba sunan kamfani da lambar samfuri a allon da ke bayan murhun, yawancin kamfanoni suna ajiye littattafansu a intanet.

Igiyar da ta zagaye bakin ƙofa gwajinta da sauƙi. Murhu yana sanyi, ka sa tsinken takarda a bakin ƙofar ka rufe a kansa, ka ja. Idan ya riƙe, wurin yana da kyau; idan ya zame ba wuya, iska tana shiga ta nan. Ka gwada a kowane gefe, da bakin aljihun toka idan yana da tasa igiyar. Wadda ta taurare ko ta baje sauyawa ake yi, kuma ba ta da tsada.

Felet ɗin da kake saya yana da hannu a cikin duk wannan, kuma tunda ka ce bara lafiya lau, ka tambayi kanka ko bana ka sauya iri. Felet garin katako ne da aka matse, mai kaurin milimita 6 a irin wanda murhun gida ke ci, kuma laimarsa ba ta wuce kashi 10 cikin 100. Tsarin tantancewa na ENplus ya kasa shi aji-aji bisa yawan toka: ajin A1 ba ya wuce kashi 0.7 cikin 100, A2 yana kaiwa 1.2, ajin B kuma 2. Bambancin kamar ƙanƙani ne, sai an lissafa. Buhu mai kilo 15 na A1 tokarsa ba ta wuce kusan giram 105, wato kilo 14 idan gida ya ƙone tan 2 a hunturu, alhali na ajin B yana iya barin kilo 40, kuma wani kaso na tokar nan cikin hanyoyin hayaƙi yake kwanciya. A yankinku ma doka ta shigo cikin maganar: bayan yarjejeniyar 2017 kan gurɓatar iska a kwarin kogin Po, wadda ta haɗa Lombardiya da Veneto da Piemonte da Emilia-Romagna, an wajabta amfani da felet mai shaidar A1 a murhun da ƙarfinsa bai kai kilowat 35 ba, kuma duk murhun gida yana cikin wannan rukuni. Ka duba tambarin a jikin buhu tare da lambar shaidar kamfanin da ke ƙarƙashinsa, domin rubuta A1 kawai kowa yana iyawa. Buhu mai kyau ƙwayoyinsa suna da santsi da sheƙi, garinsa kaɗan ne. Ka ajiye buhuna a kan katako a busasshen wuri, nesa da bango mai laima, domin felet da ya sha ruwa yana kumbura ya koma gari, kuma ba ya komawa daidai ko an shanya shi. Ƙwallon zaitun da masara da ɓawon gyaɗa da ake cewa sun fi araha, murhun da aka ƙera don su daban ne.

Abin da ya fi ƙarfinka shi ne babban gyaran shekara, kuma a halin da murhunka yake ciki kada ka jira bazara, ka kira yanzu. Aiki ne kashi biyu. Mai share bututu, wanda ake kira spazzacamino a can, zai bi bututun da buroshi tun daga murhu har saman rufi, ya duba kansa ko sheƙar tsuntsu ko kunkunniya sun toshe shi. Ma'aikacin da kamfanin murhun ya amince da shi kuma zai buɗe gefuna, ya ciro fankar hayaƙi ya share fukafukanta ya sake mata gasket, wato abin da ke toshe kafar bakin haɗinta, ya wanke hanyoyin hayaƙi na ciki, ya busa siririn tiyon da ke zuwa na'urar auna zuƙa, ya share fankar ɗaki daga ƙura da gashi, ya gwada ƙyastu da na'urorin kariya, sannan ya mayar da agogon sa'o'in aiki zuwa sifiri. Wanda ya zo ya zuƙe toka ta ƙofar gaba ya goge gilashi ya nemi kuɗi bai yi gyaran shekara ba, kuma kana da haƙƙin ka tsaya ka ga an buɗe gefen murhun. Shi kaɗai ne kuma ya kamata ya taɓa ɓoyayyun lambobin da ke daidaita saurin fanka da yawan felet. Mutane suna samun lambar sirrin a intanet su ƙara wa fanka gudu don wutar ta gyaru, abin da hakan ke yi kawai shi ne ya ɓoye toshewar na ɗan lokaci. Ka sa ya dubi yadda aka kafa bututun ma, domin ƙa'idar Italiya ta UNI 10683 ta tanadi cewa hayaƙi a saman rufi zai fita, ba ta jikin bango ba, kuma gidajen haya da yawa ba su cika wannan sharaɗi ba. Lombardiya tana da rajistar na'urorin ɗumama gida mai suna CURIT, saboda haka ka nemi mai gida ya nuna maka littafin na'urar da takardar shaidar kafa ta. A dokar haya ta Italiya, ƙananan gyare-gyaren yau da kullum suna kan ɗan haya, manya kuma, irin su sauya fanka ko gyara bututun da aka kafa ba daidai ba, suna kan mai gida, sai dai ka duba abin da yarjejeniyarku ta ce. Duk aikin da aka yi ka karɓi takarda ka adana, domin idan gobara ta auku ita kamfanin inshora zai fara tambaya.

Sauran hanyar iskar tana cikin ɗakinka. Idan murhun ba shi da bututun da ke kawo masa iska kai tsaye daga waje, to akwai wata kafa mai raga a jikin bango da aka buɗe dominsa, kuma sau da yawa mutanenmu suna toshe ta da tsumma ko kwali saboda sanyin da ke shigowa. Ka duba taku yau, idan a toshe take ka buɗe, ka kuma share ragar daga ƙura da yanar gizo ta ciki da ta waje. Fankar da ke zuƙe hayaƙin girki ma tana iya ƙwace wa murhun iska idan suna wuri ɗaya kuma tagogi a rufe. Ba a shanya tufafi a kansa, ba a rufe bakin da ɗumi ke fitowa.

Duk wannan yana komawa ga iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma wutar da ba ta samun isasshiyar iska ita ta fi samar da ita. Ka sayi na'urar gargaɗi mai ɗauke da lambar EN 50291, ka kafa ta a ɗakin da murhun yake bisa umarnin da ke jikinta, ka ƙara wata kusa da ɗakunan kwana, ka riƙa danna maɓallin gwajinta kowane wata. Wannan ba ya jiran zuwan mai gyara. Idan ta yi ƙara, ko kuka ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya sun kama mutum fiye da ɗaya a lokaci guda, musamman idan suna sauƙi da zarar an fita waje, ku buɗe tagogi, ku fita gaba ɗaya, ku kira lambar gaggawa 112. Na'urar za ta kare ku daga wani haɗarin ma, wato gawayin turaren wuta a ɗaki rufaffe, wanda shi ma wannan iskar yake fitarwa. Idan wutar lantarki ta ɗauke murhu yana ci, kada ka buɗe ƙofarsa. Ka buɗe taga, ka bar shi ya mutu, ka zazzage kasko kafin a sake kunnawa.

Idan ka share kasko da haɗin bututu, ka buɗe kafar iska, ka gwada igiyar ƙofa, wutar kuma ta gyaru, za ka iya ci gaba da amfani da shi da rana kana gida har mai gyara ya zo. Idan ba ta gyaru ba, ko kana jin warin hayaƙi a ɗaki, ka bar shi a kashe. Idan kuma komai ya yi tsaf amma felet yana sauka ba ya kamawa, ko alamar hayaƙi babu bayan mintoci, to ƙyastu ne ya mutu, abu ne da ke ƙarewa da yawan kunnawa da kashewa, kuma sauya shi aikin ma'aikaci ne.

Idan sanyi ya wuce, wajen Afrilu, ka bar murhun ya cinye felet ɗin da ke rumbu har murɗaɗɗen ƙarfe ya juya babu komai, ka zuƙe garin da ya rage, domin wanda ya kwana a ciki tsawon bazara yana shan laima ya daskare. Ka share toka tas, tunda ita ma tana jan laima ta haifar da tsatsa, ka zare fulogi saboda tsawa. Daga shekara mai zuwa ka riƙa kiran mai gyara tsakanin Mayu da Agusta, lokacin da ba su da cunkoso, sannan ka kunna murhun na gwaji a watan Satumba da tagogi a buɗe, domin idan akwai abin da za a yi oda ya iso kafin Nuwamba.